Digirin Aikin Jin Daɗin Jama'a: Jari Nawa Ne, Riba Nawa Ce?

A kowace shekara, da zarar jami'o'in ƙasar nan sun fara fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akan sami iyaye masu yawa waɗanda 'ya'yansu suka nemi karatun lauya ko na akanta, amma aka ba su gurbi a fannin aikin jin daɗin jama'a. Uban da ya saba da lissafin kasuwa, ko a Mile 12 ta Legas yake, ko a Sabon Ibadan, ko a Kantin Kwari na Kano, tambaya ɗaya yakan yi, kuma babu laifi a cikinta: idan aka zuba kuɗi shekara huɗu a wannan karatu, yaushe uwar kuɗin za ta dawo?

Malaman wannan fanni ba su cika son irin wannan tambaya ba. Sukan ce aikin taimakon bayin Allah ne, ba a auna shi da sikelin kasuwa. Lalle akwai gaskiya a nan, to, amma kuɗin rajista da na haya da na abinci daga aljihun wani suke fita, kuma mai aljihun yana da haƙƙin sanin inda jarinsa ya dosa.

Jami'in jin daɗin jama'a shi ne wanda ake horaswa domin ya bi kadin matsalar mutum ko iyali har a sami mafita. Shi ne ke binciken halin yaron da aka tsinta kafin kotu ta amince a bayar da shi riƙo, shi ke rubuta wa alƙali rahoto a kan ƙaramin yaron da ya yi laifi, shi ke tantance majiyyacin da ya kasa biyan kuɗin asibiti, shi ke sasanta ma'auratan da suka rabu game da ciyar da 'ya'ya. Aikin ya fara samun tsari na hukuma ne a Legas cikin farkon shekarun 1940, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa wani Bature mai suna Donald Faulkner nauyin kula da yaran da ke gararamba a tituna, sa'an nan aka kafa dokar yara da matasa ta 1943. Gwamnatin soja ta zartar da dokar raya jin daɗin jama'a a 1974, Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka kuma ta fara koyar da fannin a 1976. A yau ana samun digirin farko a jami'o'i irin su Nsukka da Benin da Kalaba da Ilori da Legas da Lafiya, yayin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana bayar da difloma a fannin raya jama'a.

Masana tattalin arziki, tun daga littafin Gary Becker na 1964 a kan jarin ɗan Adam, suna ɗaukar karatu tamkar sayen injin niƙa: a kashe kuɗi yau, a riƙa karɓar abin da ya samar shekara da shekaru. Binciken da George Psacharopoulos da Harry Patrinos suka yi wa Bankin Duniya a 2018 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi na duniya, kowace shekara guda ta ƙarin karatu tana ƙara wa mutum kimanin kashi 9 cikin ɗari na abin da yake samu. Sai dai matsakaicin lissafi ba ya biyan bashin kowa. Abin da ya dami uba shi ne wannan digiri, a wannan ƙasa, a hannun wannan yaro.

Kuɗin da ake gani shi ne ƙarami a cikin lissafin. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, jami'o'in Gwamnatin Tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista ninkin-ba-ninkin. Jami'ar Legas, alal misali, ta ɗaga nata a wannan shekara daga kimanin N19,000 zuwa sama da N100,000, har ma ya kusa N200,000 a fannin likita, kafin zanga-zangar ɗalibai ta sa a ɗan sassauta. Domin a sauƙaƙa lissafi, a ɗauka cewa ɗalibi yana biyan N150,000 a shekara na rajista da littattafai, yana kuma kashe N50,000 a wata na tsawon wata tara wajen haya da abinci da sufuri. Wannan ya kama N600,000 a shekara, watau Naira miliyan 2.4 cikin shekara huɗu. Waɗannan alƙalumma misali ne kawai, kowane uba na iya sauya su da nasa. Kuma ɗalibin wannan fanni yana da wani ƙarin nauyi da na tarihi ko na siyasa ba shi da shi, domin wajibi ne ya fita aikin sanin makama a asibiti ko gidan marayu ko ofishin jin daɗin jama'a, galibi kuma da kuɗin motarsa.

Babban kuɗin shi ne wanda ba a rubuta wa rasit, watau abin da yaron zai samu da a ce aiki ya kama maimakon zaman aji. Idan aka yi amfani da mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024, shekara huɗu ta kama Naira miliyan 3.36. Idan aka haɗa da na farko, jarin ya tashi Naira miliyan 5.76. Shekarar yi wa ƙasa hidima ba ta ƙara nauyi sosai ba, tun da alawus ɗin ya tashi daga N33,000 zuwa N77,000 a 2025. Abin da kan ɓata lissafi shi ne yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta rufe azuzuwa wata tara a 2020, ta kuma rufe wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wata takwas na zaman gida, a bisa wancan albashi, N560,000 ne da babu mai mayarwa.

A nan akwai wani abin lura da yawancin masu ba da shawara kan tsallake. Wannan ɓoyayyen kuɗi ba ɗaya ba ne ga kowa. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan mai ɗaukar ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka matashin da ya gama sakandare a ƙauye, wanda abin da zai samu bai wuce aikin jiran shago na N30,000 ba, asararsa ba ta kai rabin wadda aka lissafa ba. Amma ɗan dillalin shanu a Legas, ko ɗan mai sayar da atamfa a Kwari, wanda shekara huɗu a gindin mahaifinsa za ta ishe shi a yaye shi da shago da jari, asararsa ta ninka. Watau wannan digiri ya fi tsada ga ɗan attajiri a kan ɗan talaka, ko da kuwa rasit iri ɗaya aka ba su. Haka kuma ga 'ya mace, wadda a garuruwa da yawa ba ta da wata hanyar samun albashi sai ta takarda, farashin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

To, me jarin ke dawowa da shi? Abin da za a auna shi ne bambanci tsakanin albashin mai digiri da abin da zai samu ba tare da shi ba. Idan bambancin N40,000 ne a wata, watau N480,000 a shekara, sai an yi shekara 12 kafin uwar kuɗi ta dawo, ribar kuma ba ta wuce kashi 8 da 'yan kai cikin ɗari ba. Duk ɗan kasuwa ya san Naira ta yau ta fi ta baɗi. Idan aka rage darajar kuɗin gaba da kashi 10 cikin ɗari a shekara, N480,000 na tsawon shekara 35 na aiki bai wuce Naira miliyan 4.6 a kuɗin yau ba, ƙasa da miliyan 5.76 da aka zuba. A wannan hali ciniki ya faɗi. Amma idan bambancin ya kai N150,000 a wata, uwar kuɗi za ta dawo cikin shekara uku da 'yan watanni, kuma da wuya a sami kasuwancin halal da zai riƙa ba da irin wannan riba shekara talatin a jere. Dukkan muhawarar ta taƙaita ke nan ga sanin wace kasuwa mai digirin zai kai hajarsa.

Kasuwa ta farko ita ce gwamnati, kuma ita ce mafi daɗewa. Ma'aikatun mata da jin daɗin jama'a na jihohi, sassan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi, gidajen horar da kangararrun yara irin na Kakuri a Kaduna da na Abeokuta da na Ilori, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane da aka kafa a 2003, da hukumar gidajen gyaran hali, duk suna buƙatar irin waɗannan jami'ai. Tsarin albashin gwamnati yana da wata siffa da ta kyautu a fahimta: mataki ake biya, ba fannin karatu ba. Mai digirin jin daɗin jama'a da mai digirin tattalin arziki duk a mataki na 08 suke farawa a ma'aikata, su hau 09 da 10, su tsallaka 12, har mai rabo ya kai mataki na 17 na darakta. Mai ƙaramar difloma kuwa a mataki na 06 yake farawa, kuma akwai rufin da ba ya wucewa sai ya ƙaro karatu. Ga kuma fansho, inda bisa dokar 2014 ma'aikaci ke ajiye kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukarsa ya ƙara kashi 10. Saboda haka bambancin da ya fara da kaɗan a shekarun farko yakan faɗaɗa bayan shekara goma sha biyar, abin da lissafin N40,000 na sama bai yi la'akari da shi ba.

Aibin wannan kasuwa biyu ne. Na farko, ƙofarta a ƙuntace take. Jihohi da yawa sukan yi shekaru ba su ɗauki sabon jami'in jin daɗin jama'a ba, kuma idan kasafin kuɗi ya matse, ma'aikatar da ba ta gina titi ba ta haƙa rijiya ita ake fara yanka wa kaso. Kowace shekara ta zaman jiran aiki ƙari ce a kan jari. Na biyu, albashin gwamnati ba ya gudun hauhawar farashi. A 2019 mafi ƙarancin albashi N30,000 ne, kimanin dala 83 a kan canjin N360. A 2024 da ya koma N70,000, bai kai dala 50 ba, domin Naira ta faɗi warwas bayan an sake ta a watan Yuni na 2023. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, kafin a sauya ma'aunin lissafin a farkon 2025. Wanda albashinsa ke jiran kwamiti da sa hannun gwamna kafin ya motsa, shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka na wannan asara.

Asibitocin Gwamnatin Tarayya sun ɗan fi dama-dama. Jami'in jin daɗin majiyyata a asibitin koyarwa ko a asibitin masu taɓin hankali yana kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS, wanda ya fi na ma'aikatu armashi saboda alawus-alawus. Guraben dai kaɗan ne, kuma masu babban digiri sun fi samun su.

Kasuwar da ta sauya darajar wannan takarda cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce ita ce ta ƙungiyoyin agaji. Rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da gidajensu a jihohin Borno da Adamawa da Yobe, ya kuma jawo hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin ƙasashen waje zuwa Maiduguri da Damaturu da Yola. Ayyukansu na kare yara, da haɗa iyalan da suka ɓace wa juna, da kula da matan da aka ci zarafinsu, su ne ainihin abin da ake koya wa ɗalibin jin daɗin jama'a, watau buɗe fayil ga kowane mutum, da tantance buƙatarsa, da bin sawu har a rufe fayil ɗin. A nan ne digirin ya tashi daga takardar shaidar zuwa jami'a ya zama sana'a mai farashi. Albashin yakan ninka na ma'aikata, domin tushensa dala ce, kuma mace mai wannan digiri da ke jin Hausa ko Kanuri ko Fulatanci tana da fifikon da takwararta daga Legas ba ta da shi, tun da matar da aka yi wa fyaɗe ba za ta buɗe cikinta ga namiji ko ga tafinta ba.

Amma duk wanda ya taɓa dogara da mai saye guda ɗaya ya san haɗarin da ke ciki. Aikin ƙungiyoyin agaji kwantiragi ne na wata shida ko shekara guda, wanda ke ƙarewa ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 910 domin agajin arewa maso gabas a 2025, amma a ranar 20 ga Janairu na wannan shekara Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa watan Yuli aka rufe hukumar USAID baki ɗaya. A lokacin Amurka ce kan gaba a masu ba da wannan agaji, saboda haka ayyuka da dama suka tsaya, aka sallami ma'aikata. Mai hankali zai ɗauki albashin ƙungiyar agaji tamkar ribar kakar amfanin gona, ya raba shi da watannin da za a yi babu aiki kafin ya sa shi a lissafi.

Akwai wata kasuwa da ba a cika ambata ba, alhali ita ta fi kusa da masu karanta wannan shafi. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai su kafa asusun raya al'ummomin da suke aiki a cikinsu, su zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata, kuma sai an binciki buƙatun al'ummar kafin a kashe. Tun daga 2018 Bankin Duniya ba ya sakin kuɗin babban aiki sai an cika sharuɗɗansa na muhalli da zamantakewa, waɗanda suka haɗa da biyan diyyar waɗanda aka tasa, da kafa hanyar karɓar koke. Ayyukan bankin a jihohi, irin su AGILE na karatun 'ya'ya mata da ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma, kowanne yana da jami'an kula da wannan ɓangare, haka ma 'yan kwangilar da ke yi musu aiki. Mai kamfanin siminti ko na sukari ko na shinkafa da ya taɓa ganin matasan gari sun datse masa hanyar shiga masana'anta kwana uku ya san abin da jami'in hulɗa da jama'a mai horo zai cece shi. Sai dai a wannan kasuwa digirin farko tikitin shiga layi ne kawai. Ana neman wanda ya iya rubuta rahoto da Turanci mai kyau, ya iya tattara alƙalumma da kwamfuta, kuma masu digirin nazarin zamantakewa da na labarin ƙasa suna cikin layin tare da shi.

Wannan gasa ita ce ainihin raunin takardar. Ba mai iya buɗe kantin magani na zamani sai da lasin hukumar masu haɗa magunguna, ba mai sa hannu a kan binciken asusun kamfani sai ɗan ƙungiyar akantoci, kuma wannan shinge ne ke tsare farashin masu waɗannan sana'o'i. Aikin jin daɗin jama'a ya daɗe babu shinge, duk wanda ma'aikata ta tura wa tebur ya zama jami'i, ko me ya karanta. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin kafa majalisar kula da wannan sana'a a 2018, sa'an nan ya sa hannu a kan wanda aka gyara a ƙarshen 2022. Dokar ta tanadi majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rajista, ta kuma tsara ƙa'idar horonsu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Amfaninta ga aljihun mai digiri ya rataya ne ga ranar da gwamnatocin jihohi da asibitoci da ƙungiyoyin agaji za su daina ɗaukar wanda ba shi da rajista. Haka abin yake ga sauran dokokin da a takarda suka ƙirƙiro aiki mai yawa: dokar haƙƙin yara ta 2003 da kotunan iyali da ta tanada, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 wadda ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Kowacce na buƙatar jami'an jin daɗin jama'a, amma buƙatar da ba a sa mata kuɗi a kasafi ba, a idon kasuwa ba buƙata ba ce.

Ƙarancin albashi a wannan fanni ba ciwon Nijeriya kaɗai ba ne. Rahoton da wata cibiyar Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fitar a 2015 ya sanya digirin farko na jin daɗin jama'a cikin mafi ƙarancin samu, da matsakaicin dala 42,000 a shekara, yayin da injiniyan man fetur ke samun dala 136,000. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce matsakaicin albashin masu sana'ar ya kai dala 61,330 a watan Mayu na 2024, amma wannan ya haɗa da masu babban digiri, waɗanda su kaɗai ne ake bai wa lasin duba masu matsalar tunani. Dalilin tattalin arziki a fili yake: wanda ake yi wa aikin, watau maraya da fursuna da majiyyacin da ba shi da ko anini, ba shi ke biya ba. Gwamnati ko mai sadaka ke biya, su kuwa ba sa tayi da tsada.

Iyayen da ke hangen ƙasashen waje ya kamata su rarrabe abu biyu da dillalan biza suka daɗe suna cakuɗawa. Aikin renon tsofaffi a gidajen kula da su na Ingila, wanda dubban 'yan Nijeriya suka tafi yi, ba ya buƙatar wannan digiri, kuma gwamnatin Birtaniya ta hana masu yin sa tafiya da iyalansu a watan Maris na 2024, sa'an nan ta rufe ɗaukar sababbi daga waje a watan Yuli na 2025. Jami'in jin daɗin jama'a daban ne. Sana'a ce mai kariyar doka, ba mai amsa sunan sai wanda hukumar Social Work England, wadda ta fara aiki a Disamban 2019, ta yi wa rajista bayan ta duba darussan da ya yi da kwanakin da ya shafe a aikin sanin makama. A nan mai ainihin digirin ya fi mai digirin nazarin zamantakewa nesa, kuma a nan ne ingancin jami'ar da aka zaɓa, musamman yadda take rubuta shaidar aikin sanin makama, ke zama kuɗi.

Saura hanyar da ɗan kasuwa zai fi ganewa, watau mai digirin ya kafa nasa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da sama da mutum 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu ɗaure da sarƙa, aka kuma ci gaba da rufe irinsa a Katsina da wasu garuruwa. Abin da ya kamata mai nazarin kasuwa ya lura da shi a wannan abin takaici shi ne iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna kuma biyan kuɗi, domin shaye-shaye ya fi ƙarfinsu kuma ba su da wurin zuwa. Buƙatar tana nan, masu iya biya suna nan. Cibiyar gyaran hali mai rajista da likita da jami'an jin daɗin jama'a, ko makarantar yara masu buƙata ta musamman, ko gidan renon yara na matan da ke aiki a Abuja da Legas da Fatakwal, duk sana'o'i ne da ake biya daga aljihu. Suna buƙatar jari da izinin hukuma da haƙurin shekaru, abin da sabon mai digiri ba shi da shi, amma ɗan attajirin da aka ce digirin ya fi masa tsada yana da shi.

Ta fuskar biyan kuɗin karatun kuwa, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na 2024, ya sauya lissafi ga ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ya ba ɗalibi N20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima, inda mai ɗaukar aiki zai riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Bashin da ba shi da ruwa a ƙasar da farashi ke hawa rangwame ne babba. Idan hauhawar ta tsaya a kashi 20 cikin ɗari, N100,000 da aka ranta a aji ɗaya darajarsa ba za ta wuce N34,000 ba bayan shekara shida. Kuma da yake abin da ake cirewa kaso ne na albashi, tsarin ya fi yi wa mai ƙaramin albashi sauƙi, wanda shi ne halin yawancin masu wannan digiri a shekarunsu na farko. Akwai kuma hanyar rage jarin tun daga tushe: wanda ya yi difloma a fannin, ya kama aiki a ƙaramar hukuma ko a wata ƙungiya, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ya gama cikin shekara uku, a lokacin da ya riga ya ga kasuwar da idonsa kuma yana da wurin komawa.